Igiyar da Na Tufka wa Yaya Sale

Shekaranjiya ina kishingiɗe a zaurena a unguwar Albarika, nan Faraku, na ji jikana yana cika baki da ni a gaban abokansa. Sun jingine baburansu a ƙofar gida, kowanne da ƙunshin igiyar roba shuɗiya a bayan sirdi, ɗayansu kuma yana rungume da wata na'ura mai kama da faifai a bakin sanda, wai ita ce ke jiyo musu zinariya a ƙarƙashin ƙasa. Na ji ya ce, "Ai gado ne, wallahi. Tsohon nan da kuke gani, shi ma ɗan rami ne a zamaninsa." Suka leƙo suka gaishe ni da irin ladabin da ban saba gani gare su ba. Na amsa, na gyara zaman hula, ban ƙaryata shi ba. Amma tun ranar tuwo bai yi mini daɗi ba, don na san wanda ya cancanci wannan suna, kuma tun gemuna yana baƙi nake kishinsa.

A Farakun da na taso, lokacin da Faransawa suka tattara nasu suka bar mana tuta, in an ce ɗan rami sai ka fara duba bakin da ya faɗa. Asalin sunan na mutanen da suka tafi haƙar zinariya ne a Gana ko haƙar kuza a Jos, suka dawo da akwatin ƙarfe da tarin da ba ya jin magani. Idan uwa ta ce ɗanta ya zama ɗan rami, kuka take yi, tana nufin ya tafi ba saƙo ba labari, ko da kuwa dako yake yi a Kwatano. Idan 'yan mata suka faɗa a bakin rijiya, yabo ne, saurayi mai sakin hannu suke nufi. A rumfarmu ta mahauta, ɗan rami shi ne duk wanda ba ya taya nama, sai ya nuna cinya da yatsa ya ce a yanka. Malaminmu na Zongo kuwa in ya kira ka da shi, to ya daɗe bai gan ka a sahu ba. Su kansu masu haƙar sun fi kowa rowar sunan. A wurinsu mai wankin ƙasa ba ɗan rami ba ne, mai jan guga ma ba shi ba ne, ko mai haƙar rijiya ba su yarda da shi. Sai wanda ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka inda in ya ɗaga kai zai ga sararin sama bai fi murfin tukunya ba. Yaran yanzu kuwa, da mutum ya sayi takalmin roba da tocila, shi ke nan ya samu suna.

Mu gidan fawa muka tashi. Abin da ke tashe mu da safe ba agogo ba ne, ƙarar wuƙar Baba ce a kan dutsen wasawa, sai kukan jirgin ƙasa daga tasha, sai kuma kiran Fulani suna koro shanu daga dajin Bargu. Yaya Sale ya girme ni da yaye biyu, kuma duk abin da na iya a duniya a hannunsa na koya. Shi ya koya mini yadda ake kayar da bijimi ba tare da an karya masa ƙafa ba, shi ya koya mini fiɗa, shi ya koya mini tufkar kiri, igiyar nan ta fata da muke ɗaure shanu da ita. A zaɓi fatar sa mai kauri, a yanka ta siriri-siriri tun daga gefe ana zagayawa har tsakiya, a jiƙa, a kitsa, a miƙe tsakanin itatuwa biyu ta bushe, sannan a yi ta shafa mata kitse har ta yi laushi. Baba yakan ce mana mu duba igiya kafin mu duba wuƙa. A cikin kasuwa duk an san mu tare, in an ga Sale an san ina bayansa. Kwano ɗaya muke ci, kuma in na yi laifi shi ke shan dukan. Ban taɓa zaton akwai wani gurbi a kusa da shi da ba nawa ba.

Sai wata shekara labari ya cika gari cewa ana samun zinariya a duwatsun da ke gaba da Jugu. Yaya ya ajiye wuƙa ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya bar Inna tana kuka Baba yana tsaki. Rani biyu ba mu gan shi ba. Da ya dawo, ya dawo da rediyo mai jakar fata da turamen atamfa, abin da ya sa 'yan matan unguwa suka riƙa ratsowa ta ƙofarmu ko ba hanyarsu ba ce. Duk wannan bai dame ni ba, na ma yi murna. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mutumin da ya biyo shi a baya, wani gajere mai faɗin kafaɗa, Badande, wato mai jin yaren Dandanci, daga Jugu, mai suna Imoru. Yaya ya kama hannunsa ya kai shi gaban Inna ya ce, "Inna, ga mai igiyata." Ta ce, "Mai me?" Ya ce, "In na sauka rami, shi ke riƙe da igiyar da ke ƙuguna. Bayan Allah, raina a tafin hannunsa yake." Inna ta tashi da kanta ta shimfiɗa masa tabarma. Da aka kawo tuwo, Imoru ya sa hannu a kwanon Yaya, ta gefen da nake sa nawa, kuma tantaƙwashin da Inna ta saba ɓoye mini shi ta tura wa. Suna ci suna Dandanci suna dariya, ni ina zaune kamar baƙo a gidan ubana. Lokacin ina da mata da ɗiya ɗaya, amma wallahi ji na yi kamar in fashe da kuka.

Bisa tarbiyyar gidanmu, abokin wa shi ma wa ne, ya kamata in ce masa Yaya Imoru. Bakina ya ƙi. Ɗan Jugu nake ce masa, in na matsu in ce kai wane. Shi kuwa ko a jikinsa. Kullum da fara'a yake tarbata, yana cewa, "Ƙanen Sale, ka kwana lafiya?" da Hausarsa mai karkata. Da mugu ne da na samu sauƙi. Na nemi aibinsa har na gaji, abin da na samu kawai shi ne yana yawan shan taba gari.

Da rani ya zagayo na ce ni ma sai na bi su. Muka kwana a Jugu gidan su Imoru, inda na tarar har ɗaki Yaya yake da shi, uwar Imoru tana kiransa ɗana. Wannan ma na haɗiye. Wurin haƙar kuwa wani gari ne na bukkoki a gindin dutse, ramuka birjik kamar gidan gara. Ramin Yaya zurfinsa ya kai gaba goma sha wani abu, ƙunci gare shi, da 'yan matakai da aka sassaƙa a jikin bango, a can ƙasa kuma ya karkata ya shige gefe. Babu injin tsotse ruwa, babu injin hura iska irin na yanzu. Fitilar man kaɗe ce kawai, in harshenta ya fara ƙanƙancewa ka san iskar ta lalace. Tun hantsi za ka ji ƙasa tana amsa bugun diga, ƙum, ƙum, daga ko'ina, mata kuma a bakin rafi suna juya ƙorai suna waƙa. Na ƙasa da na sama da igiya suke magana. Ja ɗaya, a ɗauke guga. Ja biyu, ina fitowa. Ja uku a jere, ku fitar da ni ko ta halin ƙaƙa. Imoru yakan zauna a bakin rami ya naɗe igiyar rama sau ɗaya a tafin hannu, ya sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi. In kana masa magana ma rabin kunne yake ba ka.

Na haƙura kwana bakwai ina jan guga, sannan na tare Yaya a bayan bukka. Na ce, "Yaya, ni da kai ciki ɗaya muka fito. Me ya sa bare zai riƙe maka igiya ina tsaye?" Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Ƙanena, dokar wurin nan ce, ba ni na kafa ta ba. Ba a ba ɗan'uwa na jini igiya. In wani abu ya faru a ƙasa, ɗan'uwa ba ya tsayawa ya yi tunani, faɗawa yake yi, sai uwa ta rasa biyu rana ɗaya. Mai igiya sai mai sanyin kai." Na ce to. A raina kuwa na ce daɗin baki ne, an dai fi son ɗan Jugu. Amma wani ɓangare na maganar ya yi mini daɗi, don na tabbata gaskiya ne, in rami ya rufta da Yaya ni ne farkon wanda zai faɗa. Har na riƙa kwatanta abin a zuciyata, ina ganin yadda za a ba da labarina a Faraku.

Abin da na raina shi ne igiyar tasu. Rama ce, mai kaushi, duk ta yi gashi. Na ce a raina, wannan abar ko maraƙi ba zan ɗaure da ita ba, a ce ran yayana a jikinta yake? Da mahautan wurin suka yanka wani bijimi na karɓi fatar, na shiga aiki a ɓoye. Wata guda ina yanka ina kitsawa ina haɗa tsawo da tsawo. Ban taɓa tufka kiri irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Na shafe ta da kitse har tana ƙyalli, na naɗe na ɓoye ƙarƙashin tabarmata ina jiran rana.

Ranar ta zo da aka aiko wa Imoru cewa ƙanwarsa ta haihu a Felebina, sai ya je suna. Ya ce wa Yaya ya huta kwana biyu har ya dawo. Amma ramin ya fara nuna alheri, an riga an hura wuta a ƙasa don dutsen da ya tare hanya ya tsage, kuma Yaya ba shi da haƙurin zama. Na fito da kirina na ajiye a gabansa. Ya ɗauka ya juya, ya ja da ƙarfi, ya shinshina. Shi ma ɗan mahauta ne, ya san aiki in ya gani. Ya ce, "Kai ka yi wannan?" Na ce, "Saboda kai na yi." Ya dube ni, na ga yana jin nauyina. Daga baya ya ce, "To, na kwana biyu kawai." Mu biyu babu wanda ya tuna abin da kowace mai ɗibar ruwa ta sani, cewa fata in ta sha ruwa takan saki jiki ta miƙe. Mu a busasshiyar ƙasar kara, inda ake cinikin shanu, muka san kiri, ba mu taɓa ganin ta kwana cikin taɓo ba.

Ranar farko lafiya lau. Na zauna a mazaunin Imoru, na naɗe igiya yadda yake yi, ina ji kamar an naɗa ni sarauta. Ƙasan ramin akwai ruwa yana tsattsafowa, igiyar ta wuni tana jan taɓo, da yamma na ga ta yi laushi, sai na ƙara mata kitse. Kashegari wajen azahar, ga Imoru ya dawo tun kafin lokacinsa, da ƙunshin goron suna a hannu. Na bar shi ya ƙaraso ya gan ni da kyau. Na ce, "Ɗan Jugu, ka dawo? Ai da ka yi zamanka, aiki na tafiya." Ya tsuguna kusa da ni yana kwance ƙunshin goro. Sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya karkata kai wajen bakin ramin. Ya ce, "Tun yaushe diga ta yi shiru?" Na ce, "Hutawa yake. Bai ja ba." Ya ce, "Ba wannan na tambaye ka ba." Ya kama igiyar ya ja, sai ta biyo shi kamar danƙo, ya ja kamu guda, kamu biyu, babu nauyin kowa a jikinta. Ya leƙa ya ƙwala kira, "Sale! Sale!" Babu amsa, babu hasken fitila, sai warin tsohon hayaƙi da ke tasowa.

Mutane suka taru muka kama kirin mu huɗu. Da nauyin ya zo, sai igiyar ta riƙa sulɓewa daga hannuwanmu, kitse da taɓo sun mai da ita kamar tarwaɗa. Muna ja tana miƙewa, muna riƙewa tana zamewa. Wani dattijo ya ce, "Sai an sauka." To, a nan ne fa. Ni ne a bakin ramin, ni ne ɗan'uwan jini, ni ne wanda aka kafa doka don kada ya faɗa. Na leƙa na ga baƙin nan, ƙafafuna suka ƙi. Ba wanda ya riƙe ni. Na so a riƙe ni, har na waiga ko wani zai kama rigata in samu abin fizgewa, babu wanda ma yake kallona. Kafin in gama waige Imoru ya tuɓe riga, ya ɗaura tsohuwar igiyar rama a ƙugu, ya jiƙa hularsa ya toshe hanci. Ya danƙa mini bakin igiyar ya ce, "Riƙe, ƙanen Sale. In ka ji uku, ku ja." Ya sauka.

Ban san tsawon lokacin da ya yi ba. Abin da na sani shi ne ramar nan da na raina tana magana a tafina kamar jijiya, ina jin kowane takunsa. Da ukun suka zo, har cikin haƙorana na ji su. Muka ja, Yaya ya fito a ɗaure da ramar da Imoru ya kwance daga ƙugunsa, kai a langaɓe, kumfa a baki. Muka sake jefa igiyar, Imoru ya fito yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Aka kwantar da Yaya a inuwa ana masa fifita ana zuba masa ruwa. Ni ne na tallafe kansa a cinyata, fuskata ce a saman tasa lokacin da ya buɗe ido. Ya dube ni sosai, ya motsa leɓe, ya ce, "Imoru."

Daga baya Yaya ya gaya wa dattijon nan cewa ya ja uku, ya sake jan uku, ya yi ta ja har hannunsa ya mutu. Ni ko motsi ban ji ba, igiyata ta shanye kiran duka. Ni kam bai taɓa faɗa mini ba, a bakin dattijon na ji. Da muka koma gida aka ce wa Inna hayaƙi ne ya buge shi, aka tsaya nan. Imoru ma har yau bai buɗe baki ba, ko da wasa, ko da gori. Na yi shekaru ina jiran ranar da zai yi mini gorin in samu dalilin ƙinsa a fili, mutumin nan ya hana ni. Na koma rumfa na ɗauki wuƙata, ban ƙara taka wurin haƙa ba, ban kuma ƙara tufka kiri ba. Da Yaya ya samu ɗan fari ya sa masa Umaru, wato Imoru a Dandanci, kowa ya san sunan wa aka mayar. Ni na yanka ragon sunan, ni na feɗe, na aika wa ɗan Jugu cinya kamar yadda aka umarce ni. Duk Salla Yaya yakan hau mota ya tafi Jugu, duk azumi Imoru yakan zo Faraku, ni kuma ina gefe ina zuba musu shayi ina jin Dandancin da har yau na ƙi koya.

Tarin rami ne ya ɗauki Yaya a ƙarshe, bayan duk mun tsufa. A maƙabarta, da aka zo sa shi, 'ya'yansa suka yunƙura za su shiga kabari su karɓe shi. Na ture Umaru gefe na ce ni zan shiga. Suka ce, "Baba Ƙarami, gwiwarka fa." Na ce ko gwiwar za ta karye. Na duba wajen Imoru, don shi kaɗai nake tsoron ya riga ni. Yana tsaye da sandarsa, ya ranƙwafa, bai matso ba. Na shiga, na karɓi yayana, na kwantar da shi da hannuna, na gyara masa fuska gabas. Ramin bai wuce ƙuguna ba, amma shi ne kaɗai ramin da na taɓa shiga dominsa, kuma na shiga a lokacin da ba zai sani ba.

Da na zo fita gwiwa ta ƙi. Na dafa baki na yunƙura, na koma. Na sake yunƙurawa, ƙasa ta zubo. Samari cike da wurin, amma kafin waninsu ya ankara, sai ga hannu a gaban fuskata. Imoru ne, ya yar da sandar ya durƙusa a bakin kabari. Ya ce, "Riƙe, ƙanen Sale." Na so in ƙi, Allah ya sani. Na kama. Tafinsa kamar bawon itace, kantar igiyar rama tana nan ba ta goge ba, kuma tsohon nan da ko tsayuwa ba ya iyawa sosai ya ɗago ni bai yi rawa ba. Kafin in kama bakina na ji na ce, "Na gode, Yaya." Ya yi kamar bai ji ba, ko wannan ma bai yarda ya ci riba a kaina ba.

Yana nan da rai a Jugu, idanu sun tafi. Jiya da jikana ya zo sallama za su tafi daji, na kira shi na ce kafin ya ƙara gaya wa kowa kakansa ɗan rami ne, ya biya ta Jugu ya nemi wani makaho mai suna Imoru, ya gaishe shi, ya roƙe shi ya shafa igiyar tasa ya ji ko ta yi. Yaron ya ce, "Abokinka ne, Kaka?" Na ce a'a, abokin yayana ne. Ban gaya masa sauran ba. Tun ranar da na riƙe hannun nan na san da ni ne zan sauka rami, ni ma shi zan ba igiyata, ba ɗan'uwa irina ba, kuma wannan ne abin da na kasa yafe masa.